Yara huɗu, littafin wane aji? Nazarin yadda wani gida a Kaduna ya tsara karatun 'ya'yansa

A watan Agustan 2023 ƙanwata ta kira ni ta ce in zo in ga littattafan da ta sayo. Na yi shekara goma sha tara ina koyarwa a firamare kafin in ajiye alli, saboda haka duk wata maganar boko a danginmu ni ake nema. Na tarar da kwalaye biyu a tsakar ɗaki. Jerin littattafan da makarantar yaran ta saba bayarwa ta ɗauka, ta shiga kasuwa ta saye su kaf: na JSS 2 domin babban ɗanta mai shekara 13, na aji biyar domin mai bi masa 'yar shekara 10, na aji ɗaya domin auta da bai cika shida ba. Akwai na huɗu, ɗan wan mijinta mai shekara 11, wanda aka kawo mata riƙo daga ƙauye. Shi ba ta san me za ta saya masa ba, sai ta sayo na aji huɗu, wai tsaka-tsaki.

Ta ce, "Yaya, ga su nan. Ke dai ki tsara mini abin da za mu riƙa yi kullum."

Na ce ta mayar da su cikin kwali, kada a rubuta sunan kowa a jiki, ko mai shago zai yarda ya karɓi wasu. Ta dube ni kamar na zage ta.

Abin da ya zaunar da su a gida

Sun tare a gidan da suka gina a wata sabuwar unguwa a gefen Kaduna, ta hanyar Zariya, 'yan makonni kafin a sanar da cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki. Makarantar kuɗin da yaran ke zuwa tana can cikin gari. Mai keken da ke jigilarsu ya ninka kuɗinsa, makarantar ma ta aiko da takardar ƙari. Ta kusa da su kuwa, ƙanwata ta leƙa sau ɗaya ta ga aji cike maƙil, wasu a ƙasa, ta dawo ba ta ce uffan ba. Ga yarinyar tana fama da sikila, sammako cikin sanyi da jijjigar hanya su ne ke kwantar da ita. Mijin ma'aikaci ne, albashi bai motsa ba. Ita tana da NCE, ko da yake tun koyon aikin koyarwa ba ta sake tsayawa gaban aji ba. Suka yanke cewa za a yi shekara guda ana boko a gida, Islamiyyar yamma ta ci gaba yadda take.

Tun a zaman farko na faɗa musu abu biyu don kada a yi gudun gara a faɗa gidan zago. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ɗora wa iyaye alhakin ganin ɗansu ya je firamare da ƙaramar sakandare ya kammala, har da tanadin gargaɗi da tara ga wanda ya ƙi, kuma ba ta kawo zancen karatu a gida ba. Na biyu, jarrabawar kammala JSS 3 ta hannun makaranta ake yin rajistarta. Babbar jarrabawar sakandare ce WAEC da NECO suka buɗe wa masu zana ta da kansu. Ke nan babban yaron dole ya koma makaranta a Satumbar 2024, ko ana so ko ba a so. Wannan ranar ita ta zama katangar da muka auna komai da ita.

Lambar da ke bangon littafi

Lambar da ake bugawa a bango tana nuna yaron da marubucin ya ƙiyasta a ransa, wanda ya shiga aji ɗaya yana da shekara shida, bai taɓa fashi ba, kuma ya gane duk abin da aka koyar a baya. Manhajar da hukumar NERDC ta tsara ta raba shekara taran farko gida uku, aji ɗaya zuwa uku, huɗu zuwa shida, sai JSS 1 zuwa 3, kowane hawa yana tsaye a kan na ƙasansa. A aji mai yara sittin malama ba ta da zaɓi, dole ta bi lambar, wanda ya gane ya gane. Ni ma haka na yi shekara da shekaru, kuma na san yaran da na tura gaba alhali ban yarda da su ba. Makarantun kuɗi sun ƙara dagula lissafin, suna sa yaro aji ɗaya yana ɗan biyar, sannan a tsallake da shi aji shida, iyaye suna murna.

Uwar da ke koyar da yara huɗu a tsakar gida ba ta cikin wannan ƙangin, amma sai ka ga ta ɗauko shi ta rataya wa kanta. Abin mamaki, mun taso da tsarin da bai san wannan matsalar ba. A makarantar allo babu mai tambayar shekarunka. Kana babbaƙu, na kusa da kai yana farfaru, wani ya yi nisa a izu na ashirin, malam yana bin kowa da nasa allon, ba za a ce ka wanke ba sai ka biya ya ji ya zauna. Masu binciken ilimi sun zagayo sun iso kusa da nan. Ƙungiyar Pratham ta Indiya, wadda tun 2005 take gwada karatun yara gida-gida da takarda guda, ta fito da tsarin raba yara bisa abin da suka iya ba bisa ajinsu ba. An gwada irinsa a jihar Kano daga 2019, a Wudil da Dawakin Tofa, ga 'yan aji huɗu zuwa shida. Takardar gwajin tasu na kwaikwaya na yi tawa.

Wata ƙawar ƙanwata kuma ta cika mata waya da littattafan ƙasashen waje ta WhatsApp. Suna da kyau, sai dai lambobinsu ba sa haɗuwa. Aji uku a Ingila na 'yan shekara bakwai zuwa takwas ne, aji uku a Amurka na 'yan takwas zuwa tara. Lissafin Amurkawa cike yake da dala da inci, abin da yaro ba zai gamu da shi a jarrabawar gida ba. Abu ɗaya ya burge ni: masu buga lissafin Saxon suna rubuta lamba biyu a bango, kamar 5/4, wato littafin ya dace da ɗan aji biyar ko ɗan aji huɗu mai saurin ɗauka, kuma suna ba da gwaji a fara yi kafin a saya. Mun bar na waje a waya don ƙarin atisaye, muka tsaya a kan manhajar Najeriya, tunda cikinta yaran za su koma.

Ranar gwaji

Asabar da hantsi na shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya, na ce a riƙa turo mini su ɗaya bayan ɗaya, kada kowa ya tsaya kallo, har uwar. Ban ce jarrabawa ba ce. Takardar karatu hawa biyar ce, da Hausa da Turanci: baƙaƙe, kalmomi, gajerun jimloli, ɗan sakin layi, sai labari mai tambayoyi. Ta lissafi kuma: gane lamba, ɗebewa mai aro, ninkawa, rabawa, sai lissafin rabi da sulusi. Daga tsakiya ake farawa. In yaro ya iya a hau da shi, in ya kasa a sauko, ba a nuna masa a fuska.

Babban ya karanta labarin Turanci ba gargada, ya amsa tambayoyin, har ya gyara mini wata kalma. Na ba shi 603 a ɗebe 248. Ya rubuta 445 cikin daƙiƙa kaɗan, ya miƙo mini yana murmushi. Amsar 355 ce. Abin da yake yi shi ne, a kowane layi ya cire ƙaramar lamba daga babba, ko tana sama ko tana ƙasa. Wannan ba ganganci ba ne, doka ce ya ƙirƙira wa kansa tun yana aji biyu ko uku, kuma tana ba shi daidai duk lokacin da babu aro, shi ya sa ta rayu. Na ce rabi a tara da sulusi. Ya ce biyu bisa biyar, ya tara na sama ya tara na ƙasa. Na ce, "In na ba ka rabin burodi, na ƙara maka wani yanki, sai abin hannunka ya koma bai kai rabi ba?" Ya yi shiru, ya dubi takardar, ya ce, "Anti, haka dai muke yi." Yaron da ke zuwa na biyar ko na shida a ajinsu ke nan. Turancinsa da ƙwaƙwalwar haddarsa ne suka rufa masa asiri, domin yana iya haddace yadda malami ya warware misali a allo ya maimaita shi ranar jarrabawa.

Yarinyar ta wuce duk abin da ke takardata a karatu, sai da na ciro littafin Turancin yayanta na buɗe tsakiya na ba ta. Na ce duk kalmar da ba ta sani ba ta lanƙwasa yatsa. Ta gama shafi da yatsa biyu. A lissafi kuwa abin ya ɗaure mini kai da farko. Ta yi ninkawa mai lamba biyu daidai, amma ba ta iya duba agogo mai hannu ba, ba ta san santimita nawa ke cikin mita ba, doguwar rabawa kuma ko ganinta ba ta taɓa yi ba. Da yamma na ɗauki jerin babi-babi na littattafan aji uku da huɗu, muna bi da uwarta tana tuna mini lokutan da aka kwantar da ita. Sai ga shi fili: ramukan sun faɗa ne a makonnin hunturu da tsakiyar damina, lokacin da ciwon ke tashi. Ba ta da rauni a lissafi ko kaɗan, ba ta nan ne ranar da aka yi.

Ɗan riƙon ya zo ya durƙusa nesa da tabarma, sai da na ce ya matso. Bai gane baƙin boko ko ɗaya ba in ban da O, wanda ya ce sifili ne. Na ajiye takardar na ce, a ce mudun masara naira 850 ne, ka sayi uku, ka ba da dubu uku, nawa ne canjinka? Kafin in rufe baki ya ce ɗari huɗu da hamsin. Na ƙara masa masu wuya, yana kallon ƙasa yana amsawa. Ya saba zaman rumfa da mahaifinsa ranar kasuwa. Izunsa goma sha biyu, kuma da kansa yake rubuta allonsa. Na ciro naira dubu na nuna masa rubutun ajamin da ke jiki, ya karanta, "Naira dubu." Na ce ya rubuta mini "gida" da irin wannan rubutun, ya rubuta da hannu mai kyau fiye da nawa. Yaron nan ya san cewa alama tana ɗauke da sauti, ya san zama a kan darasi har ya zauna, ya san lissafi a ka. Abin da ya rage masa sabbin alamomi ne da kuma Turanci.

Auta ya rera mini A zuwa Z da waƙarta, ya ƙirga har ɗari. Na nuna masa m ita kaɗai, ya ce "bakwai". Na zube marafan lemo bakwai na ce ya ƙirga, ya samu tara, bakinsa ya riga yatsansa gudu. Littattafan nazarensa cike suke da rubutu daga 1 zuwa 100, duk kwafe ne.

Gardamar da aka yi

Da dare na zayyana musu abin da na gani. Babban: Turanci da sauran darussan karatu a JSS 2, lissafi a koma aji huɗu. Yarinyar: karatu a littattafan JSS 1, lissafi a aji biyar tare da cike ramukan baya. Ɗan riƙon: karatun Hausa daga tushe, lissafi a aji huɗu amma a riƙa karanta masa tambayar da Hausa, Turanci da baki tukuna. Auta: babu littafin aji ɗaya bana.

Uban ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Yaya, ban ƙi ta taki ba. Amma yaron nan shekara takwas ina biya masa kuɗin makaranta. Yanzu a ce ya koma aji huɗu, tare da ƙanwarsa? Me zan ce wa Hajiya in ta ji?" Ya kuma kawo shawarar cewa tunda yarinyar ta yi gaba haka, a sa ta zana jarrabawar shiga sakandaren tarayya ta NECO a wannan shekarar, a huta.

Na fahimce shi. Komawa baya a wurinmu abin kunya ne, maimaita aji kamar tabo ne a goshi. Amma na nuna masa takardar 445 ɗin, na buɗe littafin lissafin JSS 2 na nuna masa babin da ake tara x bisa biyu da x bisa uku. Wanda ke tara rabi da sulusi ya samu biyu bisa biyar, me zai yi a nan in ba hadda ba? Na kuma gaya masa abin da na sha gani: ɗan shekara 13 ba ya cin shekara a littafin aji huɗu. Abin da ƙaramin yaro zai yi wata tara a kai, shi makonni yake buƙata, domin ba duka ne bai sani ba. Muka yi yarjejeniya: mako goma sha biyu. In ba a ga canji ba, a koma littafinsa a nemo malamin lesin. Ya ce, "To, ba girin-girin ba dai, ta yi mai."

Batun yarinyar na tsaya kai da fata. Iya karatu ba shi ne shirin zaman makarantar kwana ba ga mai sikila 'yar shekara goma, kuma jarrabawar tana da lissafi, agogo da awo na ciki. Uwar ta goyi bayana. Inda ita ta ji zafi shi ne auta, don ta riga ta gaya wa mutane ya shiga firamare. Ta kuma so a fara masa da Turanci. Na ce Hausa ana rubuta ta kusan yadda ake furta ta, yaro na gane ba, be, bi, bo, bu ya kama hanyar haɗa gaɓa, kuma abin da ya karanto yana jin ma'anarsa. Dabarar haɗa sauti sau ɗaya ake koyonta, in ya zo Turanci da ita zai shiga. Wata tsohuwar abokiyar aikina ta samo mana littattafan karatun Hausa irin waɗanda shirin RANA ya yi wa ƙananan azuzuwa a Katsina da Zamfara.

Mai shago ya karɓi kusan rabin kayan. Na aji huɗu da aka saya wa ɗan riƙo bisa kuskure shi ya zama littafin lissafin gidan. Na aji uku aro muka yi don babi uku kacal. Duk littattafan muka naɗe bangonsu da tsohuwar kalanda, lamba ta ɓace.

Yadda aka tafiyar da yini

Mutum ɗaya ba zai koyar da aji huɗu daban-daban a darasi goma ba, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Darussa biyu kawai muka raba bisa mataki, karatu da lissafi, don su ne masu hawa-hawa. Kimiyya da tarihi da zaman jama'a kuwa tare ake yi, abin da ake nema daga kowa ne ya bambanta. Da suka shuka wake a gwangwanaye, ɗaya a rana ɗaya a ƙarƙashin gado, auta ya zana, ɗan riƙon ya bayyana da baki kuma ya fi kowa sanin abin da zai faru, yarinyar tana auna tsiron da rula kullum, wanda ya cike mata ramin santimita ba tare da ta lura ba, babban ya rubuta rahoton shafi guda da Turanci. Haka aka yi da tarihin garinsu, yadda Turawa suka dawo da hedikwatar Arewa Kaduna daga Zungeru a 1917.

A lissafi ƙa'idar ita ce a fara da atisayen ƙarshen babi. Tambaya goma: wanda ya ci takwas ya wuce babin, wanda ya ci ƙasa da biyar a sauka babin da ke ƙarƙashinsa, abin da ke tsakani shi ne wurin aiki. Aro kuwa da tsinken tsintsiya aka koye shi, goma-goma ɗaure da kyauro, ɗaurin goma guda goma a haɗe su zama ɗari. Na ga ranar da babban ya zo ɗebe takwas daga uku, ya rasa, ya duba babu ɗaurin goma ko ɗaya, dole ya kwance ɗari, sannan ya kwance goma. Ya ɗago ya ce, "Au, ashe abin da ake nufi da aro ke nan." Ya gama abin da yake buƙata a aji huɗu cikin mako biyar, na aji biyar cikin bakwai. Uban bai sake tayar da maganar malamin lesin ba.

Ita yarinyar ba a ɗaure ta da kalanda ba. Jerin babi aka manna mata a bango, in ta gama ta soke. Ranar da jiki ya ƙi, ta kwanta da gorar ruwa kusa da ita, yayanta ya karanta mata, ko a bar ta. A Janairu ta yi kwana goma sha ɗaya ba ta taɓa littafi ba, da ta tashi ta ɗora daga inda ta tsaya. A makaranta da wannan ya zama sabon rami. Auta minti ashirin ne nasa, sauti biyu ko uku da ƙirgen marafai, sai a sake shi ya je wasa.

Kuskuren da aka yi nawa ne. Tunda ɗan riƙon da auta duk a baƙaƙe suke, na ce a haɗa su zama ɗaya don uwar ta samu sauƙi. A takarda daidai ne. A kwana na uku yaron ya rikita b da d, ya kuma fara rubutu daga dama yadda hannunsa ya saba, auta ya ƙyalƙyale da dariya ya ce, "Yaya, kai ma ba ka iya ba?" Daga ranar, lokacin karatu na yi sai ciwon ciki ya tashi, ko ya tuna ba a ɗebo ruwa ba. Mako biyu ana haka kafin ƙanwata ta kira ni, tana cewa yaron ba ya son boko. Na auna abin da ya iya, na manta cewa saurayi ne ɗan shekara 11 mai izu goma sha biyu, baƙo a gidan, an zaunar da shi yana nuna hoton akuya tare da yaron da yake goyawa.

Aka raba su. Baffansa, wato mijin ƙanwata, ya karɓi karatun nasa, minti talatin bayan sallar asuba kafin kowa ya fito. Aka ajiye littafin hotuna. Shafi ake rabawa biyu, ya rubuta kalma da ajami a dama, Baffan ya rubuta ta da boko a hagu, ya kwaikwaya: sunayen hatsi, sunayen garuruwan da motar kasuwa ke bi, sunan mahaifiyarsa. A zaman lissafi kuma aka haɗa shi da manyan biyu, inda yake riga su amsa a ka su kuma suna nuna masa yadda ake jera lambobin. Uwar ta ba shi aikin sauraron haddar sauran kafin su tafi Islamiyya. Ciwon ciki ya warke. Kafin azumi yana karanta labarin Hausa na shafi biyu, a hankali, yatsa a kan layi.

Inda aka kwana

A Satumbar 2024 babban ya yi gwajin shiga JSS 3 a wata makaranta da ta fi kusa. Ya ci Turanci sosai, lissafi ya tsallake da ɗan rata, ba abin a yi guɗa ba, amma na duba takardar, kurakuransa na sabon abu ne, ba na aro ba. Inda ya sha kashi shi ne darasin kwamfuta da zanen fasaha, waɗanda muka yi ta cewa sai mako mai zuwa har shekara ta ƙare. Wannan sakacinmu ne, tun farko ya kamata a ware musu ko da awa guda a mako tunda mun san ranar komawarsa. Aljebrar JSS 2 ma rabinta kawai ya taɓa, ya shiga aji yana bin ta a guje.

Yarinyar ta soke duk abin da ke jerinta na bango, ta ci gaba da zama a gida shekara ta biyu da littattafan aji shida a lissafi, a karatu kuma duk abin da hannunta ya kai. Auta ya buɗe littattafan aji ɗayan da suka yi shekara a kwali, yana da shida da rabi, yana haɗa gaɓa da kansa.

Na ɗan riƙon ne bai warware ba. Hausa ya iya karantawa da rubutawa, lissafinsa a rubuce ya kai aji biyar, Turancinsa bai wuce na aji biyu ba, kuma daga aji huɗu zuwa sama littattafai da jarrabawa duk da Turanci suke. Baffansa ya kai shi makarantu biyu. Hedimasta ɗaya ya ce aji uku saboda Turancin, ɗayan ya dubi tsawonsa da lissafinsa ya ce aji biyar. Suka tambaye ni. Bayan abin da ya faru da auta, ban iya cewa a zaunar da ɗan shekara 12 cikin 'yan takwas ba, ko da yake na san a aji biyar zai yi zango ɗaya ko biyu yana jin rabin abin da ake faɗa. Aka sa shi aji biyar, da sharaɗin zaman asuba ya ci gaba, yanzu da littafin Turanci na aji biyu. Shi ma an naɗe masa bango da kalanda, kuma ba ya fita da shi daga gida.